Rage Ganyen Kayan Lambu Kafin a Ɗora a Sikeli

Tambayar ita ce: ya halatta a yage ganye ko a karya kara kafin a biya a babban kanti? Masu sana'ar sayar da kayan lambu sun ce a fara duba yadda aka yanka farashin. In da ɗaiɗai ake sayarwa, yagewa ba ta rage maka ko kwabo. In da kilo ne, nan maganar take.

An yarda a ɓare ganyen kabeji ɗaya ko biyu na waje da suka yanƙwane, a karkaɗe ƙasa da busasshen ɓawon albasa. Raba nonon ayaba ma ba laifi. Amma karya karan burokoli (koren kayan lambu mai kama da ƙaramar bishiya) ko gindin farin kabeji (ɗan'uwansa mai farin kai) don sikeli ya sauka, wannan tauye mai kanti ne: da karan ya sayo, da shi ya lissafa farashi, gutsuren kuma ba mai sayensa. Karan ma ana cinsa, a fere shi kawai.

Ganyen karas a bari sai an je gida, amma a yanke shi a ranar, don yana zuƙe ruwan karas ɗin har ya yi laushi. Kada a shiga kanti da wuƙa. Abin da aka cire a kanti a sa shi a kwandon shara, ganye a kan tayil santsi gare shi. In ruɓar kayan ta yi yawa, a nuna wa mai awo ya sauya.