Abin da aka tattauna kan riƙon babur ɗin supermoto

An yi doguwar tattaunawa kan yadda ake kula da supermoto, wato babur mai ƙirar na shiga daji da aka sa wa tayoyin titi. Ga abin da na tsinto.

1. An yi ittifaƙi cewa supermoto kala biyu ne. Na titi, irin su Suzuki DR-Z400SM da KTM 690 SMC R, da kilomita ake lissafin juyen mansu. Na tsere, irin KTM 450 SMR, da awoyin aikin inji ake lissafi, don man da yake ɗauka kaɗan ne. Mai son babur na zuwa aiki kullum ya bar na tsere.

2. Matatar iska: inda ƙura ta yi yawa a wanke ta akai-akai, a shafa mata man da aka yi dominta. Ƙura in ta shiga inji, bawul take fara ci.

3. Sarƙa kada a ɗaure ta tamau, domin ƙafar baya tana lotsawa sosai.

4. A kan sauya salansa, wato bututun hayaƙi, ra'ayi ya rabu. Wasu sun ce nauyi yana raguwa, ƙara tana daɗi. Wasu sun ce in ba a daidaita shigar mai ba, a kafireta ko a kwamfutar injin, babur zai riƙa zafi. Ni ina tare da na biyun, kuma na fi son kuɗin ya fara tafiya kan tayoyin inci 17 masu kyau da birkin gaba.

5. Masu KTM 690 na shekarun baya sun nanata a riƙa duba hannun da ke danna bawul duk lokacin sabis.