Neman shawara kan ɗaukar hoton mujiya bayan magariba

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu ɗaukar hoton tsuntsaye. Ina neman shawararku game da wata mujiya mai farar fuska da ke zaune a kogon wani tsohon maɗaci a bakin Kogin Kaduna, ta wajen Malali, wadda ba ta leƙowa waje sai bayan sallar magariba, lokacin da haske ya riga ya tafi.

Gilashin kyamarata mai milimita 300 ne, buɗewarsa ba ta wuce f/5.6, wato ba ya shigar da haske da yawa, kuma a kan mariƙi mai ƙafa uku nake ɗora ta. Idan na rage saurin ɗauka zuwa 1/30 na daƙiƙa, jikinta yana fitowa sarai amma fuskar ta dushe, domin mujiya ba ta iya juya ƙwayar idonta, sai dai ta juya wuya har kusan digiri 270, kuma ba ta gajiya da waige-waige. Idan kuma na ɗaga ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, zuwa 6400, hoton yakan cika da ɗigo-ɗigo, hazon hunturu ya ƙara dagula shi. Kyamarar ma kasa saita kaifin hoto da kanta take yi a duhu.

Ba na son haska mata fitila mai ƙarfi, saboda a ganina hoto bai kai a makantar da tsuntsu a lokacin farautarsa ba, kuma hasken zai jawo hankalin yaran unguwa, waɗanda da sun gan ta jifa za su fara. Shin jar fitila mai rauni za ta ishe ni yin saiti da hannu ba tare da na firgita ta ba? Kuma a wace tazara ya kamata in tsaya domin kada ta ƙaurace wa kogon?