Zan saka wa kwamfutata katin hoto RTX 3060, fawata (power supply) za ta ɗauka kuwa?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun 2019 nake fama da katin hoto (graphics card) GTX 1050 Ti mai 4GB a kwamfutata. Ya yi min hidima, amma yanzu sabbin gem sai ƙamewa suke ko na rage komai zuwa ƙasa. Wani zai sayar min da RTX 3060 mai 12GB, na hannu. Firosesata i5-8400 ce, madabod B360, RAM 16GB. Fawa, wato abin da ke raba wa kayan kwamfuta wuta, ita ce ke damuna: an rubuta 450W a jikinta, ban san kamfanin ba, kuma da na buɗe akwatin ban ga waya mai fil takwas da ake jona wa sabon katin wuta da ita ba. Mai katin ya ce zai haɗa min da adaftar da za ta maye gurbin wayar kyauta. In karɓa?

Baban Hauwa:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, don Allah ka bar masa adaftarsa. Tsohon katinka wat 75 kawai yake ci, daga ramin madabod yake sha, shi ya sa fawar ba ta taɓa nuna maka halinta ba. 3060 kuwa wat 170 ne, kuma Nvidia da kansu fawa mai wat 550 suka ce a saka masa. Irin waɗannan fawa marasa suna ma, abin da ke jikin takarda daban, abin da suke bayarwa daban.

Ni na taɓa yin wannan gangancin. Ina tsaka da wasa cikin zafin Afrilu na ji ƙaurin roba, ina buɗewa na tarar bakin adaftar ya narke ya yi baƙi, har ya manne da katin. Allah ne ya tsare. Ka sayi fawa ta kirki mai 550 ko 650 wadda ta zo da wayarta, ko da za ka ƙara wata guda kana tara kuɗi.

Injiniya Ƙarami:
Gaskiya Baba ya faɗa. Madabod kuma kada ta dame ka. Katin PCIe 4.0 ne, naka ramin 3.0, amma zai zauna ya yi aiki, da wuya ka lura da bambanci a wasa. Sai dai ka ɗauko ruler ka auna daga bayan akwati zuwa wurin da hard disk yake, don wasu masu fanka uku suna da tsawo sosai. Monitarka fa? HDMI da DisplayPort ne a jikin 3060, babu VGA.

Kuma tunda na hannu ne, kada ka biya sai an jona shi a gabanka ya yi rabin awa da gem mai nauyi, kana kallon zafinsa da yadda fankokin ke juyawa.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Monitar tana da HDMI. Na auna, santimita 29 na samu, katin kuma mai fanka biyu ne. Na kira mai katin na ce ya riƙe min zuwa Asabar, gobe zan fara neman fawar.