Shin kwamfuta za ta iya ƙirƙirar tatsuniyar Rasha bisa tsarin Propp?

Ɗalibar Adabi:
Assalamu alaikum. Na karanta cewa a shekarar 1928 masanin Rasha Vladimir Propp ya nazarci tatsuniyoyi kimanin 100 daga cikin waɗanda Alexander Afanasyev ya tattara, ya gano cewa ayyuka 31 da 'yan wasan labari ke aikatawa ne ke maimaituwa a cikinsu, kuma jerinsu ba ya sauyawa. Tun da haka ne, me zai hana a ba kwamfuta wannan jeri ta riƙa harhaɗa sababbin tatsuniyoyi?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam, Malama. Ai an jima da gwada haka. A shekarun 1970 Sheldon Klein da ɗalibansa a Jami'ar Wisconsin ta Amurka sun rubuta manhaja a kan wannan tsari. Manhajar takan zaɓi wasu daga cikin ayyukan ba tare da ta karya jerinsu ba, sannan ta raba wa 'yan wasa gurabe bakwai da Propp ya ware, kamar jarumi, mugu, mai ba da kyautar sihiri da jarumin ƙarya. Labari yakan fito da kai da ƙafa, amma a bushe.

Malama Hadiza:
Ina so in ƙara a kan maganar Malam Sani, domin wahalar ba a jerin take ba. Ayyukan suna da alaƙa da juna. Idan gimbiya ta ɗaure wa jarumi rauninsa da gyalenta bayan yaƙi, wajibi ne wannan gyalen ya dawo a ƙarshe, a gane jarumin da shi, asirin jarumin ƙarya ya tonu. Kwamfutar da ke zaɓe kara zube takan kawo ganewar alhali ba a taɓa yi wa kowa alama ba, ko ta sa a ceto wanda ba a sace ba. Wannan matsala ce Pablo Gervás na Jami'ar Complutense ta Madrid ya mai da hankali a kanta.

Akwai kuma abin da, a ganina, tsarin bai kama ba sam. A tatsuniyar dinyoyin da suka sace ƙanen wata yarinya, wadda Propp da kansa ya yi misali da ita, yarinyar ta raina murhu da bishiyar tuffa da kogin madara, sai ga shi a hanyar dawowa su ne suka ɓoye ta bayan ta ci abin da ta ƙi ci da farko. A lissafin Propp wannan gwaji ne kawai da aka maimaita sau uku, amma daɗin labarin yana cikin girman kanta da yadda ta sauko.

Ɗalibar Adabi:
Na gode ƙwarai. Ke nan sai in fara da tsara ayyukan da ke tafiya bibbiyu, irin su hani da karya shi, kafin in taɓa manhajar.