Musayar Waƙa: Tsuntsaye a Gaban Kyamara

Ɗan Gubi:
Salam jama'a. Jiya bayan asuba na hau mashin sai bakin dam ɗin Gubi, awa biyu ina tsugune a ciyawa har ƙafata ta mutu wlh, ga abin da na samo, belbela a gindin saniya kanta ya yi ja-ja kamar an sa mata lalle. Na buɗe fage. Ƙwar huɗu ce, layin ƙarshe ya faɗa kan "wa", wanda ya karya shi zai saya wa kowa data.

Na bar gida da sanyin safiya,
Na laɓe kusa da wata saniya,
Belbela na bin ta lafiya lafiya,
Fara tas kamar an wanke da ruwa.

An ce miki ci-da-motsin-wani,
To ga abin da kyamara ta gani,
Kofato ya tada fara, ke da sani,
Sara ɗaya tak babu kuskurewa.

Goggon Jahun:
Ɗana hoto ya yi kyau. Jan kan nan kwalliyar aure ce, lokacin ƙwai suke yin ta, in ya wuce ta goge. Ni kam ba ni da kyamara sai 'yar wayata, amma ga tawa baƙuwar.

Ɗana matsa min da belbela,
Mai tsamiyarmu ta dawo na kula,
Baƙin gyale, farin zane, madalla,
Manomi gyara garma, ga shamuwa.

Ta je cin rani kudancin Afirka,
Ta ƙetaro ba fasfo ba jaka,
Ta sauka garinmu tun kafin marka,
Yaro ko da danƙo ba ya taɓawa.

Baban Pantami:
Goggo a gafarce ni, waƙa kam ta yi, amma hoton nan shamuwa ce ko baƙar leda ce ta maƙale a reshe? Hhh. Rana kika fuskanta shi ya sa komai ya yi baƙi ƙirin.

Goggo ki ba wa rana baya,
Kar ki ja zum, yana ɓata hoton waya,
Taka a hankali, numfashi ɗaya,
Jira ta juyo ido kafin dannawa.

Mu nan Gombe Dadin Kowa muke zuwa, bakin Gongola, akwai wata bishiya da ta sunkuyo kan ruwa sheƙa ta fi hamsin a jikinta suna lilo, surutu kamar ranar kasuwa. Marai ne, ɗan rawayan nan mai baƙin kai da jan ido.

Ni Dadin Kowa na je na yini,
Marai na saƙa, ango magini,
Ya tsago ganye ya ƙulla, gwani,
Kai a ƙasa yana fiffika yana rawa.

Amarya ta zo ta leƙa ɗaki,
Ta ja ciyawa ta gwada da baki,
In ta ƙi shiga ya rushe aiki,
Ya sake sabo ba ya gajiyawa.

'Yar Wunti:
Toh samarin Bauchi kun dai ji, ɗaki tukuna sannan zance. Amma Yaya naka ɗin nan fa mai tara mata ne, yana gama wa wannan ya fara wa wata. Ni nawa daga Yankari ne. Abin na ba ni haushi, mutane su je su yi ta tambayar ina giwa, su faɗa ruwan Wikki su yi wanka su dawo, alhali tsuntsu sama da iri 350 aka lissafa a dajin nan ba mai ɗaga kai. Wani ma'aikacin dajin ne ya nuna min wata 'yar tsaga a jikin bishiya, da ni kaɗai ce wucewa zan yi. Na zauna nesa na kashe filasha, duk bayan ɗan lokaci sai ga namijin cilakowa da fara a baki, wani bakin ya leƙo daga ciki ya karɓe. Na danna ya fi sau sittin, guda uku ne kawai ba su yi dishi-dishi ba.

Yaya bar ni da angon ƙarya,
Zo Yankari ka ga mai tarairaya,
Matar ta shige kogon itaciya,
Ta liƙe ƙofa da laka, cilakowa.

Sai 'yar tsaga iyakar baki,
Ta zubar da gashin fiffike a ɗaki,
Shi ke jigilar fara ba ya raki,
Har ƙwai ya fashe, yara su fara tasawa.

Malam na Kobi:
Masha Allah 'yata. Tunda yau ranar wanke waɗanda aka ɓata wa suna ce, ni lauyan hankaka ne. Bara na ɗauki hotonsa a bayan makarantarmu yana ɗura wa wani ɗan tsuntsu abinci, ɗan bai yi kama da shi ba ko kaɗan, doguwar wutsiya, ɗigon fari a baya. Da na bincika ashe wata tsuntsuwa ce da Turawa ke ce wa kuku, ba kukun girki ba, ita ba ta yin sheƙa, faki take ta saka ƙwanta cikin na hankaka ta yi gaba.

Kun daɗe kuna zagin hankaka,
Wai mai mai da ɗan wani naka,
Ku tambaya wa ya kai ƙwan ɗaka,
Ajiye masa aka yi, bai da masaniya.

Ɗan Gubi:
Malam ya karya!! Masaniya "ya" ce ba "wa" ba, kowa shaida ne. Allah gafarta Malam data ta hau kanka.

Malam na Kobi:
Kai yaron nan ba ka da kawaici. To na gyara: ajiye masa aka yi, ya hau ciyarwa.

Goggon Jahun:
Gyara bayan an kama ka ba ya hana tara Malam. Ni dai akwai abin da ke raina tun ɗazu. Muna yara in aka aike mu wajen mayanka rufin kwano baƙi yake da ungulu, har korarsu mahauta ke yi da sanda. Jikana da ke aji uku bai taɓa ganinta ba sai a littafi. Tun 2015 masana suka sa ta cikin masu dab da ƙarewa.

Ku masu yawo da dogon gilashi,
Hoto guda nake biɗa, ku nemo shi,
Mai sanƙon kai, wuya babu gashi,
Ungulu mai share gari ba ladan kowa.

An ce ba kya jewar banza,
Yau mun duba sama har mun gaza,
Guba a mushe, ga tarkon maza,
Kanki a kasuwa ake sayarwa.

Ɗan Gubi:
Goggo kin kashe min jiki wlh. Na koma na duba tun daga hoton farko.

Goggo na bincike memori duka,
Shirwa ta fi ɗari, ga hankaka,
Zalɓe, hazbiya, har mujiya na ɗauka,
Ungulu kam babu, sai dai nemowa.

'Yar Wunti:
In za a dace to a Yankari ne, da hantsi in ƙasa ta ɗau zafi suke tashi jewa. Asabar mu fita bayan asuba, Yaya kai ka taho ta hanyar Gombe mu haɗu a Dindima sai mu karya zuwa Mainamaji. Kowa ya cika batir, kuma don Allah ban da farin kaya da turare, ba biki za mu ba.

Baban Pantami:
Ina nan zuwa. Goggo ki ba su wayar in gyara miki saitin, baƙar ledar nan ta koma shamuwa.

Malam na Kobi:
Ku ajiye min gaban mota, gwiwa ba ta son baya. Data kuma sai an yi albashi.