Canja wa itacen roba tukunya: in kai wa masu furanni ko in yi da kaina?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Ina da itacen roba, wato Ficus elastica, a falo kusa da taga. Tun yana ɗan tsiro nake rainonsa, yanzu ya kusa kai kafaɗata. Kwanan nan in na ba shi ruwa, kafin in ajiye buta ruwan ya tsiyaye ta gindi, washegari ƙasar ta bushe ƙamas. Saiwoyi sun leƙo ta hudar tukunyar, ganyen ƙasa kuma sun fara yin ɗorawa suna zuba. Na san tukunya ta yi masa kaɗan, amma yana da nauyi, ga tsoron kada in tsinka masa saiwa. Wani shagon furanni sun ce in kawo in bar musu, sai dai hankalina bai kwanta da barinsa can ba. Don Allah wanda ya taɓa kaiwa ya ba ni shawara.

Baba Mai Lambu:
Wa alaikumus salam, 'yata. Saiwa ce ta cika tukunyar, babu sauran ƙasar da za ta riƙe ruwa. Itace mai wannan girma aikin mutum biyu ne, don haka kai shi ba laifi. Amma ki tsaya a yi a gabanki.

Inda aka fi cutar shuka shi ne girman sabuwar tukunya. Faɗinta kada ya wuce na tsohuwar da fiye da santimita 3 zuwa 5. Mutane na ganin babbar tukunya gata ce, alhali ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba takan daɗe a jiƙe, iska ba ta shiga, daga nan sai ruɓa. Ko mai shago ya nuna miki ƙatuwa mai kyau, ki ce a'a.

In sun zare shi, ki duba saiwar da idonki. Mai lafiya tana da haske da ƙwari. Wadda ta yi baƙi, ta yi laushi tana wari, a datse ta da almakashi mai tsabta. Waɗanda suka nannaɗe gindi a warware su da yatsa a hankali, in ba haka ba za su ci gaba da zagaye ko a sabon wuri. Kada kuma a binne karan fiye da inda ƙasa ta tsaya masa a da. In sun ce za su shimfiɗa tsakuwa a gindin tukunya don ruwa ya wuce, ki hana. Ba ta taimakawa, sai ma ta sa ruwa ya taru kusa da saiwa.

Zee Ganye:
Baba, da girmamawa, ni ban goyi bayan ɗaukarsa ba. Dangin Ficus ba sa son a motsa su, canjin haske kaɗai kan sa su zubar da ganye, balle a haɗa musu tafiya da dashe rana guda. Ga zafin cikin mota, ga iska in buɗaɗɗiya ce. Anti, ki tambaye su ko suna zuwa gida, wasu shagunan suna yi.

Na taɓa barin tawa shukar a wani shago, suka cika mata ƙasa mai laka, in an zuba ruwa sai ya kwanta a sama. Ta kuma dawo da fararen ƙwarin nan masu kama da auduga a maƙalen ganye. Har yau abin yana min ciwo. In dole sai kin kai, in ya dawo ki ware shi daga sauran shukokinki na sati 2, kina duba bayan ganye. Kuma farin ruwan da ke fita in ganye ya karye yana sa ƙaiƙayi, a kiyaye ido da yara.

Abu Yasir:
Ki tambaye su abin da ke cikin haɗin ƙasarsu. Wanda ya san aikinsa zai faɗa miki kai tsaye: zaren kwakwa, perlite (fararen ƙwayoyin dutse marasa nauyi da ke sa iska ta shiga ƙasa), ɓawon itace, ɗan ruɓaɓɓen taki. Bayan dashe a ba shi ruwa sosai sau ɗaya, a mayar da shi inda ya saba, banda rana kai tsaye. Taki sai bayan sati 4 zuwa 6. In ganye ɗaya ko biyu sun zuba kada ki tsorata ki ƙara ruwa, ki jira saman ƙasar ya bushe.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira su, sun yarda su zo gida. Baba, ina da tukunyar ado da nake matuƙar so, girmanta daidai, amma ba ta da huda. Za ta yi?

Baba Mai Lambu:
Kada a dasa shi a cikinta kai tsaye. Su sa shi a ta roba mai huda, sai a zura ta cikin ta adon. Duk lokacin da kika ba shi ruwa, ki sa a ɗaga miki a zubar da wanda ya taru a ƙasa.