Sufacaja mai intakula ko marar intakula? Wanda ya taɓa ɗaurawa ya ba ni shawara

Abu Hafsa
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka taɓa ɗaura wa motarsu sufacaja, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska da matsi don ƙarfinsa ya ƙaru, ba waɗanda suka gani a bidiyo ba. Motata Mustang GT ce ta 2007, inji 4.6, ba a taɓa buɗe shi ba, fistin da kwanrod duk na kamfani ne. Da ita nake zuwa aiki kullum, cunkoso da zafin rana duk tana sha, sai jefi-jefi in shiga filin tsere in gwada ta. Zaɓi biyu ne a gabana, dukansu irin ta sentirifugal, mai matse iska da fanka mai saurin juyawa. Ta farko babu intakula, wato abin da ke sanyaya iskar kafin ta shiga inji, matsin iskarta psi 5 zuwa 6 (psi ma'aunin matsi ne). Ta biyu tana da intakula a bayan bamba, psi 8 zuwa 10. Ba na son buɗe inji, ba ni kuma da niyyar wuce ƙarfin doki 400 a taya. Kuɗin hannuna sun isa ta farko har da injekta da saitin ƙwaƙwalwar mota, ta biyun kuwa sai na ƙara jira. Abin da nake son sani: in na tsaya a psi 6, rashin intakula zai cuci injin ne, ko ƙarfi kaɗai zan rasa?

Zakin Titi
Wa alaikumus salam. Oga ka manta da sufacaja, turbo za ka sa, ita hayaƙin inji ne ke juya ta. Sufacaja cin ƙarfin inji take ta hanyar bel kafin ta ba ka nata.

Alhaji Mai V8
Ni da kai ne sai in sayar da ita in nemi Cobra ta 2003 ko 2004. Daga kamfani ta zo da sufacajar Eaton da intakula mai ruwa, doki 390, cikin injin an gina shi don ɗaukar matsi. Ka huta da ciwon kai.

Abu Hafsa
Na gode Alhaji, amma motar ba ta sayarwa ba ce. A kan wadda ke hannuna nake tambaya.

Injiniya Bala
Malam Abu Hafsa, bari mu fara da lissafi. Iska in aka matse ta zafi take yi, shi ya sa famfon keke ke ɗumi a hannunka in kana buga taya. A psi 6, iskar da ta shiga da digiri 30 za ta fita daga sufacaja mai inganci da ƙarin digiri 45 ko kusa da haka, wato wajen 75. A psi 10 kuma sai ka ga ta doshi 100. Wannan in sufacajar tana shaƙar iskar waje ne. In daga cikin bonet take shaƙa, ka ƙara a kai.

Illar zafin nan biyu ce. Iska mai zafi ba ta da kauri, iskar shaƙa da ke shiga silinda ta ragu. Wannan ƙaramar illa ce. Babbar ita ce, fetur da iska masu zafi suna iya fashewa da kansu a gefen silinda kafin wutar fulogi ta iso wurin, shi ne ƙarar ƙas-ƙas ɗin da ke farfasa fistin. Ƙwaƙwalwar motarka tana da sansa da ke sauraron wannan ƙarar, in ta ji sai ta janye taimin, ƙarfi ya sauka. Injinka matsin da fistin ke yi a cikin silindarsa 9.8 ne, psi 6 da fetur mai kyau da saiti mai sassauci zai iya ɗauka. Intakula ba tsafi ba ce, tazara take ba ka tsakaninka da fashewar nan. Ranar da ka sha fetur mara kyau ko aka yi tsananin zafi, tazarar ce za ta cece ka.

Baba Makaniki
Injiniya ya yi magana mai kyau amma ya tsorata yaro. Injin 3800 na GM, wanda ke cikin Pontiac Grand Prix GTP da Buick Regal GS, da Eaton M90 ya zo, babu intakula ko ɗaya, doki 240. Na kwance na ɗaura irinsu, suna tsufa lafiya lau.

Injiniya Bala
Gaskiya ne Baba, amma wancan matsinsa 8.5 ne, don sufacaja aka ƙera shi. Ba ɗaya suke da 9.8 ba.

Mai Baƙar Camaro
Ɗan'uwa, don girman Allah ka saurare ni. Duk wanda ya ce maka marar intakula ba matsala, ba shi zai biya maka inji ba. Tawa Camaro ce mai LS1. Mai sayarwa ya rantse mini cewa intakula ɓarnar kuɗi ce ga motar titi. Na ɗaura, na kai wa wani mai saiti, ya hau da ita daino, na'urar auna ƙarfin mota, da sanyin safiya, ga ƙatuwar fanka a gaba, ya miƙo mini takarda mai lamba mai daɗin gani. Da farko mota kamar ta tashi sama. Da zafi ya shigo sai na lura in ta daɗe a cunkoso tana yin nauyi, in na taka totur sai ta yi kamar ana riƙe ta. Na koma na gaya masa, ya ce haka suke, in ina son ta dawo da kuzarinta a sa wa sufacajar ƙaramin fuli don matsin iska ya ƙaru. Shi ya kawo fulin, shi ya ɗaura, ya ce saitin da ke kai ya isa.

Wata rana da azahar na fito daga cunkoso na hau babbar hanya, na ba ta wuta a giya ta uku. Ban ji wata ƙara ba, salansata tana da amo. Sai kawai ta fara karkarwa, hayaƙi ya biyo baya, baƙin mai ya feso ta wurin sandar awo. Da aka buɗe, fistin na silinda ta bakwai ya dare tsakanin ringi da ringi, gutsuren ya karce bango. Mota ta yi watanni a gareji a lulluɓe. Mai saitin ya ce laifin fetur ne, mai sayarwa ya ce laifin mai saiti ne, daga baya duka biyun suka daina ɗaga waya. Abin da na kashe a gyara ya sayi intakula uku. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Sarkin Fulogi
Allah ya mayar da alheri. Amma Malam, labarinka labarin ƙaramin fuli ne da saitin da ba a sake ba. Ko da intakula wannan injin yana cikin haɗari.

Mai Baƙar Camaro
Me ya kai ni ga fulin? Ba zafin ne ya sa motar nauyi ba? Da akwai intakula da ban koma wurinsa ba tun farko.

Injiniya Bala
Psi nawa ta kai bayan an sa fulin? An canja injekta da famfon fetur? An duba ratar ringi?

Mai Baƙar Camaro
Injiniya, ni direba ne, biya na yi a yi mini aiki. Tambayoyin nan shi ya kamata ya yi wa kansa.

Ɗan Totur
Zakin Titi fa ya yi shiru, ko turbo ɗin ce har yanzu ba ta tara iska ba? 😂

Zakin Titi
Kai da ko keke ba ka da shi.

Alhaji Mai V8
Maganar kuɗi ma ni ban ga abin jira ba. Lokacin da na saya, bambancin mai intakula da marar ita bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Sarkin Fulogi
Haba Alhaji. Ni da na lissafa da manyan injekta da famfon fetur da tiyo da kuɗin aiki, ya kusa ninkawa. Sai da aka cire bamba, aka yanke roba, aka matsar da tankin ruwan lagireto.

Baba Makaniki
Na hannu ake saya yara. Masu cirewa suna da yawa, rabin kuɗi za ka samu.

Alhaji Mai V8
Na hannu kuma ka tarar da tsaga a ciki tana zubar da iska. Arha ba ta ado, Baba.

Maman Amir
Salamu alaikum. Ni Mini Cooper S nake ja, ta 2005, mai Eaton M45. Intakularta a saman inji take, iska na shigo mata ta hancin bonet. Ina so Malam Abu Hafsa ya san cewa mai intakula ma tana yin nauyi a cunkoso. In mota na tsaye babu iskar da ke ratsa ta, sai ta jiƙa da zafin inji, ka taɓa ta ba ka iya barin hannu. Bambancin shi ne da na fara tafiya ba ta daɗewa take hucewa, ƙarfin ya dawo. Taka da za ta zauna a bayan bamba ta fi tawa samun iska, amma ka tuna za ta tare wa lagireto hanya, ka sa ido a kan allurar zafi in ka kunna na'urar sanyi.

Abu Hafsa
Na gode Hajiya, irin wannan nake son ji. Akwai wanda ya yi tafiya mai tsawo da psi 6 babu intakula bai taɓa fuli ba?

Garkuwa
Ni. Tawa ma 4.6 ce, kuma tun da na ɗaura ban canja fuli ba. Na sa fulogi mai sanyi mataki ɗaya, na rage ratarsa, ba na shan fetur sai mafi oktan, wato wanda ya fi jure fashewar nan, na kuma sa agogon da ke nuna mini zafin iskar da ke shiga inji. In na ga ya hau, ba na taka ta. A filin tsere gudun farko shi ne mai kyau, na biyu da na uku tana raguwa sai na bar ta ta huce. Ban taɓa buɗe inji ba. Amma gaskiya ɗaya: ba kowa ke iya haƙura da psi 6 ba. In ka san zuciyarka za ta nemi ƙari, ka jira ka sayi mai intakula. Kuma ka sani, a psi 10 abin tsoronka ba zafi ba ne kaɗai, kwanrod ɗin wannan injin ba ya son ƙarfi mai yawa.

Mai Baƙar Camaro
Sa'a ka yi kawai.

Garkuwa
Ba sa'a ba ce Malam, agogo nake kallo.

Sarkin Fulogi
Akwai hanya ta uku da ba wanda ya ambata: fesa ruwa da metanol, rabi da rabi. Yana sanyaya iska, yana kuma hana fashewar. Bai kai intakula tsada ba.

Injiniya Bala
Yana aiki, amma in aka yi saiti a kansa, ranar da tanki ya ƙare ko nozul ya toshe kana cikin gudu, inji ya tafi. Haka intakula mai ruwa, in famfonta ya mutu ko iska ta shige layin, ba za ka sani ba sai mota ta yi sanyin jiki. Intakula mai sanyaya iska da iska ba ta da famfo ba ta da tanki, illarta dai tana cin psi ɗaya ko biyu a hanya. Ku duba manyan kamfanoni: Corvette ZR1 ta 2009 mai doki 638, da Hellcat ta 2015 mai 707, duk da intakula suka fito.

Baba Makaniki
Injiniya, duk misalanka na takarda ne. Inji nawa ka taɓa kwancewa da hannunka? Mu da baƙin mai a farce muke magana.

Injiniya Bala
Baba, da girmanka, ban raina aikinka ba. Amma kai injin da ya riga ya mutu ake kawo maka, ni kuma ina ƙoƙarin kada ya iso wurinka.

Alhaji Mai V8
Ni a ganina wanda ya biya kuɗin inji daga aljihunsa shi ya fi cancanta a saurara. Mai Camaro ya biya.

Garkuwa
To wanda bai fasa nasa ba fa, Alhaji, shi ba shi da ta cewa?

Ɗan Totur
A ba Baba sifana a ba Injiniya kalkuleta a rufe su a gareji, wanda ya fito da mota tana tafiya shi ne sarki.

Maman Amir
Garkuwa, da ka ce mafi oktan, lamba nawa? Ni 95 nake sha.

Garkuwa
93 Hajiya.

Zakin Titi
Ashe na Hajiya ya fi naka.

Injiniya Bala
A'a, ma'auni biyu ne. 93 a lissafin Amurka ya yi daidai da wajen 98 a lissafin Turai, 95 na Turai kuma wajen 91 ne a Amurka. Wannan ruɗanin ya kashe injuna. Mutum ya sayi saiti ta intanet da aka rubuta don 93 na Amurka, ya zuba 95 yana ganin ya wuce abin da aka nema.

Mai Baƙar Camaro
Yauwa, ku zo kan masu saitin nan. Nawa ko sau ɗaya bai tambaye ni wane fetur nake sha ba. Lamba kawai yake nema ya ɗora a shafinsa.

Sarkin Fulogi
Nawa kulle saitin ya yi da lambar sirri. Da na so kai motar wani wuri sai aka ce ba a iya buɗewa, dole a goge a fara daga farko, in sake biya. Motata ce, kuɗina ne, a hana ni ganin abin da aka rubuta mata?

Alhaji Mai V8
Ga kuma wasan takardar daino. Wani ya buga maka da ma'aunin lissafi na STD maimakon na SAE don lambar ta ɗan ɗaga, ko ya ɗora ƙanƙara a kan bututu kafin ya ja. Ka je wani dainon ka tarar doki sun ɓace.

Baba Makaniki
Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Wasu masu motar ne ke matsa musu sai an ba su lambar da za su nuna wa abokai.

Abu Hafsa
'Yan'uwa, na ji duka. Garkuwa, don Allah zafin iska digiri nawa kake gani a agogonka kafin ka ɗaga ƙafa? Kuma sansar tana bayan sufacaja ne ko gabanta?

Sarkin Fulogi
Baba, ko an matsa masa, wa ya ce ya kulle? Wanda ya yarda da aikinsa ba ya ɓoye shi.

Mai Baƙar Camaro
Ni yanzu duk mai saitin da ba zai hau motar mu fita titi da rana tsaka yana kallon kwamfuta ba, ba zai taɓa mini ƙwaƙwalwar mota ba. Akwai wanda ya taɓa karɓo kuɗinsa daga hannun irin waɗannan mutanen? Ina da takardun komai a ajiye.